Sauya Na'urorin Lissafi A Kamfanin Waya: Darasi Daga Abin Da Ya Sami Vodafone A Birtaniya

A ranar 26 ga watan Oktoba na shekarar 2016, hukumar da ke kula da harkokin sadarwa a ƙasar Birtaniya, wato Ofcom, ta ba da sanarwar cewa ta ci kamfanin wayar salula na Vodafone tarar kuɗi fam 4,625,000. Laifuffukan da aka kama kamfanin da su sun samo asali ne daga wani gagarumin aiki da ya soma a ƙarshen shekarar 2013, na kwashe asusun abokan hulɗarsa fiye da miliyan 28.5 daga tsofaffin tsare-tsaren lissafi guda bakwai zuwa sabon tsari guda ɗaya na kwamfuta.

Manufar aikin mai kyau ce, kuma kamfanin ba ƙaramin kamfani ba ne, bai rasa kuɗi ko ƙwararrun injiniyoyi ba. Duk da haka aikin ya jawo masa tara da zubewar mutunci a idon jama'a. Saboda haka al'amarin ya cancanci nazari daga duk wani manaja da aka ɗora wa nauyin sauya manhajar kwamfuta a kamfanin sadarwa, ko banki, ko wata ma'aikata mai riƙe da kuɗin jama'a. Babban abin da nazarin zai nuna shi ne, wahalar irin wannan aiki tana cikin tsofaffin bayanan abokan hulɗa, kuma ma'aunin nasararsa shi ne ko kuɗin kowane mutum guda ya isa asusunsa daidai.

ABIN DA AIKIN YA ƘUNSA

Kamfanin waya yana tafiya ne a kan ƙafafu biyu. Ƙafa ta farko ita ce na'urorin da ke ɗaukar kira da saƙo, wato turakun sadarwa da wayoyin ƙarƙashin ƙasa da na'urorin haɗa kira. Ƙafa ta biyu ita ce manhajojin kasuwanci, waɗanda ke riƙe da sunan abokin hulɗa da lambarsa, da irin tsarin farashin da ya zaɓa, da yawan kuɗin da ya rage masa ko wanda ake bin sa. Duk kiran da mutum ya yi, na'urar haɗa kira tana rubuta lambar da ta kira, da wadda aka kira, da lokaci, da tsawon maganar. Manhajar lissafi ce ke karɓar wannan rubutu ta mayar da shi kuɗi.

Abokan hulɗa kuma iri biyu ne. Akwai masu yin amfani da waya a kawo musu takardar biya a ƙarshen wata, akwai kuma masu sayen kati su sa kuɗi tukuna kafin su yi kira. Lissafin kashi na biyu ya fi tsanani, domin dole ne a yi shi nan take: kafin kira ya shiga sai na'ura ta tabbatar akwai kuɗi a layin, kuma tana cirewa yayin da ake magana.

Kamfanin da ya daɗe yana aiki yakan wayi gari da manhajojin lissafi barkatai. Wata an saye ta ne domin masu biyan wata-wata, wata domin masu kati, wata domin manyan kamfanoni, wata kuma an gaje ta ne daga wani kamfani da aka haɗiye. Kowace tana da masu kula da ita da kuɗin lasisinta, kuma sau da yawa ba sa fahimtar juna. Idan ana son fito da sabon farashi, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an gyara. Wannan ne ke sa shugabannin kamfanoni su yanke shawarar haɗe su wuri guda, kamar yadda Vodafone ya yi niyya da nasa guda bakwai.

YADDA AL'AMARIN YA FARU

Bayan an soma kwashe bayanan, kamfanin da kansa ya amsa cewa an kwashe asusun wasu mutane ba daidai ba, duk da matakan kariya da aka tanada. Sakamakon haka kurakurai suka shiga cikin takardun biya da tsarin farashin da aka rubuta wa mutane a sabuwar na'ura. Koke-koke suka yi yawa, har kamfanin ya zama na gaba a jerin kamfanonin wayar salula da masu biyan wata-wata suka fi kai ƙararsu gaban Ofcom a shekarar 2015.

Binciken hukumar ya gano manyan laifuffuka biyu. Na farko ya shafi masu sayen kati su 10,452, waɗanda suka sa kuɗi a layukansu amma kuɗin bai shiga ba. Jimillar abin da suka yi hasara ta kai fam 150,000 a cikin watanni 17. Matsalar ta shafi layukan da suka yi watanni tara ko fiye ba a yi amfani da su ba, waɗanda bisa ƙa'idar kamfanin akan cire su daga aiki. Sai ya kasance ɓangaren da ke karɓar kuɗi yana ci gaba da karɓa a kan irin waɗannan layuka, alhali mai layin ba ya samun komai. Ofcom ta ce kamfanin bai yi hanzarin gano matsalar da magance ta ba, kuma bai ɗauki matakin da ya dace ba sai da hukumar ta sa baki. A kan wannan laifi aka ci shi tarar fam 3,700,000.

Laifi na biyu ya shafi yadda ake sauraron koke. Hukumar ta gano cewa ba a ba ma'aikatan da ke amsa kiran jama'a cikakken bayani kan abin da za a ɗauka a matsayin koke ba, ba a kuma tabbatar da cewa kowane koke ya isa inda za a warware shi cikin lokaci ba. Har ila yau, dokar wancan lokaci ta wajabta wa kamfani ya sanar da mai koke a rubuce cewa yana da ikon kai maganarsa gaban mai sasantawa mai zaman kansa idan makonni takwas suka wuce ba a warware ba, kuma kamfanin ya gaza a nan ma. Tarar wannan ɓangare fam 925,000 ce.

Daga bisani Vodafone ya nemi gafara a bainar jama'a, ya mayar wa mutanen kuɗinsu in ban da su 30 da bai iya gano su ba, ya kuma ba ƙungiyoyin agaji gudummawar fam 100,000 domin kada ya ci ribar kuskuren. Kazalika ya ce ya ɗauki ƙarin ma'aikata 1,000 masu amsa kiran jama'a a cikin Birtaniya.

Idan mai karatu ya yi lissafi, zai ga cewa mutum 10,452 a cikin asusu miliyan 28.5 ba su kai huɗu a cikin kowace dubu goma ba, kuma abin da ya faɗa kan kowannensu bai wuce fam 14 da 'yan kai ba. Amma tarar da aka biya ta ninka kuɗin da aka riƙe musu har sau talatin. Manajan da ke duban rahoto mai cewa an kwashe kashi 99.9 cikin ɗari lafiya zai iya tafawa, alhali ragowar da ya raina ita ce za ta kai shi gaban hukuma.

DARASI NA FARKO: A SAN BAYANAN DA ZA A KWASHE

Tsohuwar manhaja da ta shekara goma ko ashirin tana aiki tana ɗauke da ƙa'idoji da yawa waɗanda ba a rubuta su a kowane kundi ba. Akwai rangwamen da aka yi wa wani rukuni shekaru da suka wuce, akwai tsarin farashin da aka daina sayarwa amma mutane dubbai suna kansa, akwai layin da aka dakatar, da wanda mai shi ya rasu, da wanda ake jayayya a kan bashinsa. Waɗanda suka rubuta waɗannan ƙa'idoji a cikin na'ura wataƙila sun yi ritaya ko sun bar aiki.

Don haka aikin farko na manaja shi ne ya sa a ƙidaya kowane irin hali da asusu zai iya kasancewa a ciki, a rubuta abin da tsohon tsari yake yi masa, a kuma rubuta abin da sabon zai yi. Layin da ke aiki kullum ba shi da wahala, domin kowa yana tunawa da shi. Haɗarin yana ga waɗanda ke gefe, irin layukan da suka daɗe a kwance waɗanda suka zama sanadin tarar Vodafone. Ya kamata kuma a tsabtace bayanan tun suna tsohon mazauninsu, a cire maimaici, a gyara sunaye da adireshi, domin kuskuren da aka kwasa zuwa sabuwar na'ura ya fi wuyar ganowa.

DARASI NA BIYU: A RAGE KAYA KAFIN ƘAURA

Yawan tsare-tsaren farashi shi ke ninka yawan aikin gwaji. Kowane tsari sai an gina shi a sabuwar manhaja, an gwada shi, an koya wa ma'aikata. Kamfanin Telstra na ƙasar Ostireliya ya fahimci haka. A watan Yuni na shekarar 2018, lokacin da shugabansa na wancan zamani, Andy Penn, ya bayyana shirin sake fasalin kamfanin mai suna T22, ɗaya daga cikin manyan alkawuransa shi ne rage tsare-tsaren farashi na ɗaiɗaikun mutane da ƙananan 'yan kasuwa daga 1,800 zuwa 20, tare da gina sababbin manhajoji.

Wannan shawara ta kasuwanci ce, ba ta injiniyoyi ba, kuma tana da tsada, domin wanda aka janye masa tsohon farashi mai rahusa zai iya yin fushi ya koma wani kamfani. Amma idan sashen kasuwanci ya nace sai an kwashe kowane tsohon tsari yadda yake, to za a kashe kuɗi mai yawa a sake gina tsohon rikici a cikin sabuwar na'ura. Wajibi ne a yanke wannan hukunci a matakin daraktoci tun kafin a sa hannu a kwangila.

DARASI NA UKU: GWAJI, DA KWASHEWA KASHI-KASHI, DA HANYAR KOMAWA BAYA

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. A al'adar irin waɗannan ayyuka, idan lokaci ya ƙure, abin da aka fi saurin yankewa shi ne kwanakin gwaji, domin su ne a ƙarshen jadawali. Manaja nagari yana kare waɗannan kwanaki ko da za a ɗage ranar buɗewa. Gwajin da ya fi amfani shi ne wanda ake yi da kwafin bayanai na gaskiya, bayan an ɓoye sunayen masu su: a ɗauki kiran wata guda, a lissafa shi a tsohon tsari da sabo a lokaci ɗaya, a kwatanta sakamakon asusu bayan asusu. Duk inda aka sami bambanci ko na kwabo ne, sai an gano dalilinsa.

Bayan gwaji, a fara da ƙaramin rukuni, alal misali layukan ma'aikatan kamfanin, sa'an nan wasu 'yan dubbai, a jira su kammala zagayen biya guda cikakke kafin a ƙara. Dole ne kuma a rubuta tun farko sharuɗɗan da za su sa a dakata, da sunan wanda ke da ikon ba da umurnin dakatarwar.

Tarihin sadarwa ya nuna amfanin barin ƙofar komawa baya. A ranar 15 ga watan Janairu na shekarar 1990, hanyar kiran nesa ta kamfanin AT&T a Amurka ta rikice na tsawon kimanin sa'o'i tara, inda kusan rabin kiran da aka yi ƙoƙarin yi bai shiga ba. Sanadin shi ne wani ɗan kuskure a cikin sabuwar manhaja da aka ɗora wa manyan na'urorin haɗa kira guda 114 na kamfanin. Da yake dukansu suna ɗauke da manhaja iri ɗaya, sai matsalar da ta tashi daga na'urar birnin New York ta yi ta yaɗuwa daga wannan zuwa waccan. Injiniyoyi sun shawo kan lamarin ne ta hanyar rage nauyin saƙonnin da ke tsakanin na'urorin da kuma komawa ga tsohuwar manhaja. A aikin kwashe asusu komawa baya ya fi haka wuya, domin da zarar mutane sun soma sa kati da yin kira a sabon tsari, bayanan tsohon sun zama tsohon labari. Shi ya sa tilas ne a tsara yadda za a yi komawar, a kuma gwada ta, tun kafin a kwashe asusu na farko.

DARASI NA HUƊU: A DAIDAITA LISSAFI KULLUM

Abin da ya fi ɗaukar hankali a labarin Vodafone shi ne tsawon lokacin, wato watanni 17. Kuskure a aiki mai girman haka ba abin mamaki ba ne. Abin tambaya shi ne yadda ya daɗe bai sami magani ba. Ƙa'idar da kowane ɗan kasuwa ya sani ita ce, kuɗin da ya shiga aljihu da yamma ya yi daidai da kayan da suka fita daga rumfa. A kamfanin waya ma haka ne: jimillar kuɗin katin da aka karɓa a yini ya kamata ta yi daidai da jimillar kuɗin da aka zuba a layuka a wannan yini.

Irin wannan daidaitawa aikin sashen kuɗi ne da masu binciken cikin gida, kuma ya kamata a gina ta a matsayin ɓangare na aikin tun daga farko, da ma'aikata masu cin gashin kansu waɗanda ba sa ƙarƙashin shugaban aikin. Wanda aka ɗora wa alhakin gama aiki a kan lokaci bai dace ya zama shi ne alƙalin ingancin aikin ba. Bugu da ƙari, bai isa a duba jimilla kaɗai ba, domin fam 150,000 a cikin watanni 17 ba ya ko motsa ma'auni a kamfanin da ke juya biliyoyi. Sai an sa na'ura ta riƙa fitar da sunan kowane asusu da aka karɓi kuɗi a kansa ba a zuba ba, a kuma naɗa wanda zai bi sawunsa.

DARASI NA BIYAR: MASU AMSA KOKE SU NE IDON AIKIN

Kashi ɗaya cikin biyar na tarar Vodafone bai shafi na'ura ba ko kaɗan, ya shafi yadda aka karɓi mutanen da suka zo da kuka. A lokacin sauyi, yawan kira zuwa ofishin koke yakan ƙaru, a daidai lokacin da su kansu ma'aikatan suke koyon sabuwar manhaja, ga jinkiri, ga ruɗani. Idan ba a ƙara yawansu da horonsu kafin ranar sauyi ba, za a yi hakan daga baya cikin gaggawa da tsada, bayan an riga an ɓata wa jama'a rai.

Ban da haka, koke shi ne labari mafi sauri da manaja zai samu game da lafiyar aikinsa. Idan mutum goma a garuruwa daban-daban suka ce sun sa kati bai shiga ba, wannan alama ce ta cuta guda, ba matsala goma ba. Amma ba za a gane haka ba sai idan ana rubuta kowane koke, ana rarraba su iri-iri, ana kuma kai taƙaitaccen rahotonsu teburin injiniyoyi kowace safiya.

DARASI NA SHIDA: SHUGABANCI DA FAƊIN GASKIYA

Irin wannan aiki yakan haɗa kamfanin da ya sayar da manhaja, da ɗan kwangilar da zai haɗa ta, da sassan kamfanin kansa. Idan abu ya ɓaci kowa yakan nuna ɗan'uwansa da yatsa. Sai dai hukuma ba ta san ɗan kwangila ba, mai lasisi ta sani, kuma shi take hukuntawa. Ana iya ba da kwangilar aiki, amma alhaki yana nan a wuyan kamfani. Saboda haka ya kamata a sami babban jami'i guda daga cikin daraktoci wanda aikin ke wuyansa, mai ikon sasanta sashen kasuwanci da na kuɗi da na injiniyoyi. Ya kamata kuma a ɗaura biyan ɗan kwangila a kan ingancin asusun da aka kwashe, ba a kan yawansu kawai ba.

Haka nan tilas ne ƙaramin ma'aikaci ya iya kawo mummunan labari ba tare da tsoron rasa aikinsa ba. Inda shugabanni ba sa son jin komai sai alheri, rahotanni za su yi ta nuna cewa komai lafiya har ranar da abin zai fashe. Idan kuma an gano an taɓa kuɗin jama'a, hanya mafi arha ita ce a tsayar da ɓarnar nan take, a mayar wa mutane haƙƙinsu, a sanar da hukuma kafin ita ta gano.

ABIN DA YA SHAFI NIJERIYA

Wannan darasi bai yi nisa da gida ba. Tun bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a watan Janairu na shekarar 2001 a kan dala miliyan 285 kowanne, mafi yawan masu waya a Nijeriya masu sayen kati ne, wato irin rukunin da kuskuren Vodafone ya shafa. An kuma ga ƙarfin manhajar lissafi a kasuwa a shekarar 2003, lokacin da Globacom ya shigo da lissafin kira daƙiƙa-daƙiƙa, abin da ya tilasta wa sauran kamfanoni bin sahu. A yau kuɗin da ke bi ta layin waya ya wuce na kira kaɗai, ya haɗa da na intanet da hada-hadar kuɗi, don haka kuskure a asusu yana taɓa abincin iyali kai tsaye.

Daraktan da aka kawo wa takardar neman izinin soma kwashe asusu yana da tambayoyi biyar da ya kamata ya yi kafin ya sa hannu. Shin an ƙidaya kowane irin asusu, har da waɗanda suka daɗe a kwance? Shin an lissafa wata guda a tsohon tsari da sabo an kwatanta? Wa ke daidaita kuɗin da aka karɓa da wanda aka zuba, kuma ga wa yake kai rahoto? An horar da masu amsa koke, an ƙara yawansu? Idan abu ya ɓaci da tsakar dare, wa zai ce a tsaya, kuma ta yaya za a koma baya? Idan aka rasa gamsasshiyar amsa ga ko da ɗaya daga cikinsu, ɗage ranar ya fi alheri, domin rigakafi ya fi magani.